Rasit Ba Ya Halatta Ƙwace

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Na so a wannan mako in ci gaba da bayanin hukunce-hukuncen bashi, amma wata tambaya ta sha gabana, wadda na ga bai kamata ta jira ba, domin na tabbata ba mutum ɗaya ke ɗauke da ita a zuci ba.

Mai tambayar wani tsohon ɗalibina ne, haifaffen nan Sukuntuni, wanda na karantar da shi Ajurumiyya yana yaro. Allah bai nufe shi da zurfafa karatu ba, sai ya koyi ɗinki, ya tafi wani babban gari da ba zan faɗi sunansa ba, ya kama ɗan shago, keke biyu da yaro ɗaya. Ana saura kwana goma sha biyu ƙaramar salla, shago ya cika da yaduddukan mutane, sai ga waɗansu samari sun sauko daga mota, suka ce ya nuna takardar biyan kuɗin wurin sana'a. Ya jawo aljihun tebur ya fito da rasit huɗu: na shago, na shara, na allon da ya kafa a ƙofa, da na tikitin da ake yanka masa. Suka duba suka ce babu nasu a ciki. Ya roƙi a ba shi zuwa bayan salla, suka ce ba su aka aiko su ji wannan ba. Nan take suka kwance kan keken da ya fi kyau, suka jefa a mota, suka bar masa guntuwar takarda mai sunan ofis.

Da ya je ofishin, aka ce mai sa hannu ya fita. Kashegari aka ce ba a ga sunansa a littafi ba. Rana ta uku aka ce sai ya biya tara, tarar kuwa ta fi asalin kuɗin. Haka ya yi ta safa da marwa kwana tara. Kafin kan keke ya dawo, rabin masu kaya sun kwashe yaduddukansu sun kai wani wuri, kuma duk wanda ya san ɗinki ya san cinikin salla shi ke riƙe tela rabin shekara. Da ya zo gida gaisuwar salla sai ya ce mini: "Malam, idan 'yan bindiga suka ɗora wa ƙauye kuɗi kafin su bar manoma su yi girbi, kowa ya san sunan abin. To wannan da aka yi mini, mene ne sunansa a littafi? Kuma idan na ɓoye musu cinikina daga yau, ina da zunubi?"

Na ji nauyin wannan tambaya ƙwarai. Akwai amsoshi biyu masu sauƙi da mutum zai iya bayarwa ya huta. Ta farko, a ce masa hukuma ce, biyayya gare ta wajibi ce, ya yi haƙuri. Ta biyu, a ce masa duk abin da aka karɓa a hannun Musulmi bayan zakka haramun ne, ya ɓoye iyakar iyawarsa. Na sha jin kowacce daga bakin masu wa'azi, kuma kowacce tana da ɗan ƙanshin gaskiya, amma duka biyun gudu ne daga ainihin mas'alar. Abin da yaron nan ke so ya sani shi ne: me ya raba mai rasit da mai bindiga, tun da yake dukansu sun karɓi dukiyarsa ba da son ransa ba?

Bari mu fara da sunan da ya nema. Malamai suna da kalma ga kuɗin da ake tatsa daga 'yan kasuwa ba bisa haƙƙi ba, watau maksu, mai karɓarsa kuwa sahibul maksi. Don a gane girman laifin, sai a tuna hadisin matar nan Bagamidiya da ke cikin Sahihu Muslim, wadda ta kawo kanta domin a tsarkake ta daga alfasha. Da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya so ya nuna girman tubanta, sai ya bayyana cewa ko mai karɓar maksu ne ya yi irin wannan tuba, da an gafarta masa. Mai karatu ya lura, ba a auna tubanta da na ɓarawo ko mashayi ba, da na mai maksu aka auna. Imamu Nawawi ya ce wannan yana nuna maksu na cikin mafi munin zunubai, saboda yawan mutanen da za su riƙe wuyan mai shi ranar hisabi. Ɓarawo yakan san gidajen da ya shiga, yana iya komawa ya nemi gafara. Wanda ya shekara ashirin a bakin kasuwa yana karɓar ɗari-ɗari daga masu tallan tumatir, ina zai gano su?

Mu a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga wannan magana. Cikin laifuffukan da littafin Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa wa sarakunan wancan zamani, har da ɗora wa jama'a kuɗaɗen da shari'a ba ta ɗora ba. Ya ambace su da sunayensu na Hausa: jangali, da kuɗin gari, da kuɗin salla. Ya ambaci naman da ake karɓa daga mahauta kowace ranar kasuwa, da audugar da ake ɗiba daga kayan masu sayarwa, da gaisuwar da sai an miƙa kafin a saurari mai kuka. Ashe ke nan kukan ƙaramin ɗan kasuwa yana cikin abubuwan da aka yi jihadin 1804 a kansu.

Turawa da suka zo sai suka tattara waɗannan kuɗaɗe suka mai da su haraji da jangali, suka kafa baitulmalin En'e, Katsina kuwa tana cikin masarautun da aka fara wannan tsari a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ba a musun cewa an yi makarantu da asibitoci da hanyoyi da wannan kuɗi. Amma dattawanmu ba su ne suka fi tunawa ba. Abin da suka fi tunawa shi ne akuyar da aka sayar da arha, da samarin da ke gudu cin rani idan lokacin haraji ya ƙarato, da Bafulatanin da ke kora shanunsa cikin dare ya tsallaka wata ƙasa. Ni kaina ina ƙaramin yaro na ga wani dattijo, sa'an mahaifina, an tsugunar da shi a rana tun hantsi har azahar saboda kuɗin da bai kai kuɗin ɗan tunkiya ba. Har yau ina ganin yadda ya sunkuyar da kai don kada mu yara mu haɗa ido da shi. Wannan wulaƙanci shi ya ba NEPU ta Malam Aminu Kano kasuwa tun daga 1950, shi ya sa kuma da Alhaji Balarabe Musa ya karɓi mulkin Jihar Kaduna a watan Oktoba na 1979, lokacin muna cikinta, soke haraji da jangali na cikin abin da ya fara yi, kamar yadda Alhaji Abubakar Rimi ya yi a Kano. Ranar da labari ya iso ƙauyuka, sai ka ce an yi ruwan farko.

To, shin wannan yana nufin duk abin da hukuma ta karɓa maksu ne? A'a. A nan nake rabuwa da masu amsa ta biyu. Zakka tana da gidaje takwas da Suratut Tauba ta ƙayyade, ba a gina kwalbati da ita, ba a biyan malamin firamare da ita. Hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya zuwa Kano, wadda hatsinmu da dabbobinmu ke bi, ba da addu'a ake gyara ta ba. Jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Oktoba na 2023 suna bukatar albashi da man babur. Saboda irin wannan ne Imamul Gazali, da Imamu Shaɗibi wanda yake Bamalike ɗan mazhabarmu, suka halatta wa shugaba adali ya ɗora wa masu hali wani abu idan baitulmali ya gaza kuma bukatar jama'a ta tabbata. Sai dai ba su buɗe ƙofar a wangale ba. Lokacin da Tatar suka doshi Masar a 1260, Sarki Ƙuɗuz ya nemi fatawar karɓar kuɗi daga jama'a don shirya yaƙi. Malam Izzuddini ɗan Abdussalami ya ce ya yarda, amma da sharaɗin a fara ƙarar da abin da ke baitulmali, manyan sojoji kuma su sayar da kayan adonsu na zinariya da azurfa har su daidaita da talakawa. Abokan gaba suna bakin ƙofa, amma malamin bai ce larura ta ɗauke sharaɗi ba. Ina ma a ce ana karanta wa masu sayen jerin motocin alfarma wannan ƙissa kafin su aika yara su kwance kan keken tela.

Idan aka tattara maganganun malamai, za a ga halaccin ya rataya ne a kan bukata ta gaskiya, da ƙayyadadden adadi wanda kowa ya sani, da gwargwadon ƙarfin mai biya, da kashe kuɗin a inda aka ce. Amma akwai sharaɗi guda da aka fi mantawa da shi, shi ne kuwa ya shafi ɗalibina: yadda ake karɓa. Mutane suna zaton idan asalin kuɗi halal ne, to duk hanyar da aka bi aka karɓo shi ta halatta. Wannan kuskure ne babba.

Mu dubi zakka, wadda Allah da kanSa Ya farlanta, babu mai jayayya a halaccinta. Ba a karɓarta sai dukiya ta kai nisabi. Ba a karɓarta a kuɗi da kayan ciniki sai shekara ta zagayo, kuma ɗaya ce cikin arba'in. Manomin da ya sha wahalar ban ruwa rabin abin da mai noman damina ke bayarwa yake bayarwa. Sa'an nan kayan aikin mai sana'a, keken tela, uwar maƙera, garmar manomi, babu zakka a kansu ko kaɗan, domin su ne tushen da ake tsammanin 'ya'ya daga gare shi. Da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, bayan ya umurce shi da karɓar zakka, sai ya gargaɗe shi kada ya zaɓi mafi kyawun dukiyar mutane, ya kuma ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ka ga, a cikin numfashi guda aka ba shi iko aka kuma sa masa linzami. To idan haƙƙin Allah ne aka kewaye karɓarsa da wannan tausasawa, ina ga kuɗin da 'yan majalisa suka yanka?

Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya kawo a cikin Kitabul Kharaji, wanda ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid, cewa Sayyidina Aliyu ya hori wani ma'aikacinsa kada ya sayar wa mutane da tufafinsu na sanyi ko na zafi, ko abincinsu, ko dabbar da suke aiki da ita, saboda haraji, kada kuma ya doki kowa ko ya tsayar da shi a kan dirhami. Ma'aikacin ya ce ashe zai dawo hannu wofi, Sayyidina Aliyu ya nuna masa ko da hakan za ta faru. A Sahihu Muslim kuma, sahabi Hishamu ɗan Hakimu ya wuce waɗansu manoma a ƙasar Sham an shanya su a rana saboda kuɗin da ake bin su, waɗanda ma ba Musulmi ba ne, sai ya shaida cewa ya ji Manzon Allah yana faɗin Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya. Ya shiga wurin gwamna, aka sake su. Har a babin wanda bashi ya cinye dukiyarsa, inda masu bashi ke da tabbataccen haƙƙi, Shaihu Halilu ya nuna a Muhtasar cewa malamai sun yi taraddadi a kan sayar da kayan aikin mai sana'a. Abin da manyan malamai suka tsaya suna jinjinawa a gaban alƙali, shi ne yaro ɗan shekara ashirin ke zartarwa da sukundireba cikin minti biyar. Banda ma haramci, ina hankali a ciki? Ka ɗauke abin da mutum zai nemo kuɗin da shi, sa'an nan ka ce ya kawo kuɗin.

Sai batun rasit huɗu da aka ce babu nasu a ciki. Wannan ma magabata sun riga mu. Abu Yusuf ya ba da labarin wani Banasare daga ƙabilar Taglib da ya wuce mai karɓar ushira da dokinsa, ya biya, da ya dawo cikin shekarar aka ce ya sake biya. Ya tafi har wurin Sayyidina Umar ya kai kuka. Umar bai ja magana da shi ba, har mutumin ya zaci ba a kula shi ba. Da ya koma wurin ma'aikacin da niyyar biya, sai ya tarar takardar Halifa ta riga shi isa, cewa abin da aka karɓa a kansa sau ɗaya ba a sake karɓa sai shekara ta dawo. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma akwai takardar da Umar ɗan Abdul'aziz ya aika wa Zuraiƙu ɗan Hayyana, mai kula da mashigar Masar, yana faɗa masa adadin da zai karɓa daga fatake, ya kuma umurce shi ya rubuta musu takardar shaida da za ta yi aiki har irin wannan lokaci na baɗi. Watau rasit a asalinsa garkuwa ce ta mai biya. Mu kuwa mun mai da shi garkuwar mai karɓa: kowa ya buga nasa, ya ce na ɗan'uwansa ba ya aiki.

Ba kuwa don babu doka ba. Tun 1998 aka yi dokar da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta ware wa ƙananan hukumomi irin su kuɗin shago, da na kasuwa, da na mahauta, da na tasha, da na amalanke, ta kuma hana kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Amma a tambayi duk direban da ya ɗauki shanu daga Charanchi ko hatsi daga Dawanau zuwa Kudu, sau nawa ake gitta masa katako mai ƙusa kafin ya isa. Shugaban kwamitin gyaran haraji da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2023, Taiwo Oyedele, da bakinsa ya ce harajin da aka sani a hukumance sun haura 60, waɗanda ba na hukuma ba kuwa sun haura 200. Duk abin da aka karɓa a hanya, a kan kwanon masara yake sauka, mai saye shi ke biya. Sayyidina Umar ya gane wannan tun tuni: Imamu Malik ya ruwaito cewa ya rage ushirar alkama da mai zuwa rabi ga fataken da ke kawo su Madina, domin kayan su yawaita a gari.

Ban so in ɗora laifin duka a kan samarin da suka sauko daga mota. Da yawansu ba ma'aikata ba ne, ba su da albashi, abin da suka tara ne ake yanka musu wani kaso. Wani lokaci ma an sayar da karɓar ne ga ɗan kwangila: ya yi alkawarin kawo kaza, abin da ya haura nasa ne. Larabawa suna kiran wannan ƙabala, kuma Abu Yusuf ya gargaɗi Haruna Rashid da kakkausar murya ya bar ta, domin ɗan kwangila ba ruwansa da halakar jama'a muddin ribarsa ta fita. Fiye da shekara dubu ke nan, amma sai ka ce jiya ya zagaya kasuwanninmu. Duk da haka ina tunatar da waɗannan samari, cikinsu har da waɗanda suka zauna a gabana a aji, cewa "an aiko ni" ba hujja ba ce a kabari. Kuma ɗan abin da ake cusa musu a hannu don su kau da kai, su tuna ƙissar Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin zakkar da ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Manzon Allah ya hau mumbari ya tambaya me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta zo.

Akwai kuma wani haraji da ba a rubuta shi a kowace doka ba, shi ne na lokaci. Kwana tara da ɗalibina ya yi yana zirga-zirga sun fi masa ciwo a kan tarar. Ma'aikacin ofis albashinsa na tafiya ko ya sa hannu yau ko gobe. Mai shayi, da mai faci, da mai niƙa, ranar da ba su buɗe ba ranar ba a ɗora tukunya. A 2024 an ba masu sana'ar POS wa'adi su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni. Manufar tana da kyau, don maganin 'yan damfara da masu karɓar kuɗin fansa. Amma a yi tunanin yaron da ke zaune ƙarƙashin laima a ƙauye, inda sai an hau tudu ake samun sabis: rajistar ta intanet ce, da Turanci, dole ya biya wani ya yi masa, idan harafi ɗaya ya saɓa tsakanin takardunsa sai ya sake wata tafiyar. Wanda ya tsara abin a Abuja bai yi nufin cuta ba, amma bai taɓa tsayawa a layin ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an faɗa wa Mu'awiya gargaɗin Manzon Allah ga duk wanda aka ba jagorancin wani al'amari na Musulmi sa'an nan ya shamakance kansa daga bukatunsu, cewa Allah zai shamakance shi daga tasa bukatar ranar ƙiyama. Nan da nan Mu'awiya ya naɗa mutum na musamman don sauraren bukatun jama'a. Wannan gargaɗi bai tsaya kan sarakuna ba. Akawun da ke da hatimi a aljihun tebur ya shiga ciki gwargwadon hatiminsa.

Mu Katsinawa ma muna da wasiyya tamu ta kanmu. Littafin Usulus Siyasa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta shi ne ga Umarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi. A ciki ya ɗora wa shugaba nauyin renon masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya tabbatar kowane gari yana da su, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. A wurin Bello tela amana ne a hannun hukuma, mu kuwa mun mai da shi saniyar tatsa. Ibnu Haldun ya riga ya faɗi inda wannan hanya ke ɓullewa: daula a farkonta tana yanka kaɗan ta tara da yawa, a ƙarshenta tana yanka da yawa ta tara kaɗan, domin mutane sun karaya sun nade tabarmar sana'a.

A watan Yuni na 2025 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026. Sun ɗauke harajin samu daga wanda abin da yake samu a shekara bai wuce Naira 800,000 ba, sun sassauta wa ƙananan kamfanoni, sun kuma tanadi ofishin sauraren koken masu biyan haraji. Wannan ya yi kama da nisabi, kuma abin yabo ne. Sai dai tela da mai ƙosai ba waɗannan manyan haraji ne ke hana su barci ba. Tikitin bakin kasuwa ne da motar da ke tsayawa ba sallama, su kuwa suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Dokar 1998 ta koya mana cewa takarda ba ta cire katako daga kan hanya.

Yanzu ga amsar da na ba ɗalibina. Na ce masa abin da ya raba hukuma da ɗan bindiga ba rasit ba ne, ba kuma kaki ba, sharuɗɗan nan ne da muka ambata, kuma gwargwadon yadda ta zubar da su, gwargwadon yadda tazarar ke raguwa. Kuɗin wurin sana'a, idan doka ta tabbatar da shi kuma adadinsa sananne ne, ya biya, kada ya yi ƙarya, kada ya rantse a kan abin da ba haka ba, domin zaluncin wani ba ya halatta masa ƙarya. Kada kuma ya lissafa shi cikin zakkarsa, gidajensu daban ne. Amma kwance kan keke ba tare da sanarwa ko wa'adi ko hukuncin alƙali ba, da tarar da ba a nuna masa inda aka rubuta ta ba, wannan ƙwace ne, ko da an ba shi rasit goma, kuma yana bin su cinikin sallarsa bashi har gaban Allah. Duk kuɗin da aka nema ba tare da doka ba, ba shi da zunubi idan ya ƙi bayarwa. Idan an matsa masa har ya ji tsoron asarar da ta fi, ya bayar don ya kuɓuta, malamai da yawa sun ce laifin yana kan mai karɓa, amma na gargaɗe shi kada ya mai da wannan rangwame al'ada, domin da irinsa ne ɓarnar ta yi jijiya.

Na kuma ce masa haƙuri ba shi ne yin shiru ba. Ya haɗa kai da sauran teloli, su nemi a ba su jerin kuɗaɗen da doka ta ɗora musu a rubuce da Hausa, a manna a ƙofar kasuwa, su riƙa biya ta asusun hukuma a lokaci ɗaya, su ajiye rasit, su kai kukansu ga kansila da hakimi da limamin Juma'a. Ya ce mini shugaban ƙungiyarsu ma tikiti yake yanka musu. Na ce to, daga nan za su fara.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan bashi, mu duba hukuncin mai hali da ke jan biya.